El-Fasher ta faɗi da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya a kanta: wa ake jira?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe da wannan magana a ciki, yau dai bari in fitar da ita.

Ina karatu a Khartoum ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, muka wayi gari da ƙarar bindiga. Mun ɗauka rigima ce ta kwana biyu tsakanin Janar Burhan, shugaban sojojin Sudan, da Hemedti, jagoran dakarun RSF, manya za su shiga a sasanta. Ƙarshe a bas muka fita zuwa iyakar Masar, littattafaina suna can har yau. Mu mun samu gidan komawa. Maƙwabtan da ke aiko mana da buɗa-baki ba su da wata ƙasa sai wannan.

Abin da ke hana ni barci shi ne El-Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa. Ranar 13 ga Yuni 2024 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2736, ya ce dakarun RSF su janye ƙawanyar da suka yi wa birnin. Ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta ƙaurace. Ba a janye ba. A watan Agusta masana suka tabbatar yunwa na kashe mutane a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam, kusa da birnin. A Afrilun 2025 aka afka wa sansanin kansa. Ranar 26 ga Oktoba 2025 birnin ya faɗi, kuma da yawanku kun ga bidiyon da masu kisan suka ɗauka da hannunsu. Wata 16 tsakanin ƙuduri da faɗuwar gari. Babu wanda zai ce bai sani ba.

To don Allah masana, ku gaya mini, mene ne amfanin waɗannan hukumomi idan masifa ta tsallaka iyaka?

Sadiq Kurna:
Wa alaikumus salam. Babu amfani, Malam. Taron shan shayi ne kawai. A rushe ta kowa ya kama gabansa.

Barista Aminu:
Sadiq, a yi haƙuri tukuna. Malam Abu Safiyya, Allah ya ba ku haƙurin abin da kuka gani.

Inda muke yawan kuskure shi ne muna kallon Majalisar kamar gwamnatin duniya. Zaure ce, ƙasashe 193 ke zama a cikinta. Ba ta da soja ko ɗaya nata, sai wanda ƙasa ta ara mata. Ba ta karɓar haraji, sai abin da aka biya. Waɗanda suka ci yaƙin duniya na biyu ne suka tsara ta a 1945, suka ba kansu kujerar naƙi, wato Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Tun farko an gina ta ne don kada waɗannan biyar su gwabza da juna, ba don a kare talakan Darfur ba.

Ka duba abin da ya faru ranar 18 ga Nuwamba 2024. Birtaniya da Saliyo suka kawo daftarin neman tsagaita wuta da kare fararen hula a Sudan. Ƙasashe 14 suka ce e. Rasha ita kaɗai ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu. Haka Amurka ta yi ta yi a kan Gaza. Saboda haka idan ka ce Majalisa ta gaza, ina so ka ƙarasa maganar: wace ƙasa ce ta riƙe mata hannu?

Abu Safiyya:
Barista, na ji. Amma 2736 ai ba wanda ya hau masa kujerar naƙi. Ya wuce. Me ya biyo baya?

Barista Aminu:
Ba abin da ya biyo baya, kuma nan ne gaskiyarka take. Ƙuduri ne da ba bulala a bayansa. Akwai ma takunkumin makamai a kan Darfur tun 2005, ƙuduri na 1591. Ƙwararrun da Majalisar da kanta ta naɗa sun kawo rahoto a farkon 2024 cewa zargin shigar da makamai ga RSF ta filin jirgin Amdjarass na Cadi yana da tushe. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta musanta. Kwamitin bai hukunta wata ƙasa ba. Sudan ta kai ƙarar Daular gaban Kotun Duniya, ranar 5 ga Mayu 2025 kotu ta ce ba ta da hurumi, domin tun lokacin da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta cire kanta daga sashen da ya ba kotun ikon sauraron ƙara. Ko hujjojin ba a kai ga dubawa ba.

Maman Walid:
Ku ba ni dama in sa baki, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 22 a aiki. Sadiq ɗana, da ka ce a rushe, ka taɓa ganin mai ciwon agana? Ba ka taɓa ba, kuma ba za ka gani ba da yardar Allah. Kakata har ta rasu fuskarta da zanen agana, kuma ta binne 'ya'ya saboda ita. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an gama da cutar a doron ƙasa. Amurka da Tarayyar Sobiyet suna tsakiyar gaba a lokacin, amma suka haɗu a kan wannan.

Shan-inna kuwa a hannunmu aka yi. Da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, cutar ba ta nemi biza ba, ta bi matafiya har Yaman da Indonesiya. Mun sha zagi a ƙofar gidaje, an sha rufe mana ƙyaure a fuska. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, aka ci gaba da kawo magani da akwatunan sanyi da kuɗin zirga-zirga shekara da shekaru. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ku leƙa makarantun firamare yanzu ku ƙirga yara masu jan ƙafa, sannan ku tuna ajinku na da.

Masu dabbobi ma su faɗi nasu: bushiya da ke share garke a mako guda, tun 2011 aka sanar babu ita.

Abu Safiyya:
Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ba na musun wannan. Amma ita Hukumar Lafiyar ce ta yi jinkiri a kan Ebola. An tabbatar da cutar a Gini a Maris 2014, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ta ihu cewa ta fi ƙarfinsu, amma sai 8 ga Agusta aka ayyana dokar ta-ɓaci. Mutum sama da 11,000 suka mutu.

Maman Walid:
Ta yi jinkiri, ba zan kare ta ba. A lokacin korona ma raina ya ɓaci. An kafa shirin COVAX don a raba rigakafi da adalci, ƙasashe masu kuɗi suka riga suka saye wanda ake sarrafawa, mu aka turo mana ragowar da ta kusa lalacewa. A Disamba 2021 sai da Najeriya ta lalata allurai fiye da miliyan ɗaya.

Amma ka ƙarasa labarin Ebola. Da Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar daga Laberiya ranar 20 ga Yuli 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kuma rasa ranta a kan haka, Allah ya saka mata. Su wa suka bi sawun mutanen da ya yi hulɗa da su gida-gida? Ma'aikatan da aka horar a yaƙin shan-inna, da tsarin cibiyar gaggawa da aka gina don shan-inna. Mutum 8 suka rasu a Najeriya, ranar 20 ga Oktoba aka ce an gama. Ka yi tunanin cutar ta shiga kasuwar Mile 12 ta hau tirela zuwa Arewa. Abin da aka shuka shekaru goma baya shi ya cece mu.

Ni abin da na lura, ƙwayar cuta ba ta da aboki a Kwamitin Sulhu. Mai bindiga yana da shi.

Baba Sajan:
Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini, na ce ya rubuta abin da zan faɗa.

Na yi aiki a Darfur, tun muna sa koren hular Tarayyar Afirka har aka canja mana shuɗiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarshen 2007, lokacin Janar Martin Luther Agwai ne kwamanda. Kafin nan an kai hari Haskanita, 'yan'uwanmu sojojin Najeriya na cikin waɗanda aka kashe, Allah ya jiƙansu. Duniya ta san cewa rundunar ta yi ta roƙon jirage masu saukar ungulu, ƙasashen da ke da su suka ƙi bayarwa, ga yanki mai faɗin ƙasar Faransa. Gwamnatin Bashir kuma tana riƙe kaya a tashar ruwa, tana hana izinin sintiri.

Duk da haka, ɗana Abu Safiyya, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Mata a sansani idan itacen girki ya ƙare, zaɓi biyu gare su: namiji ya fita a kashe shi, ko mace ta fita a ci mutuncinta. Sai su zaɓi mace ta fita. Ranar da muke rakiya, motarmu a gaba, motarmu a baya, haka za su je su dawo da itace a ka suna hira. Ba mu kawo ƙarshen yaƙi ba. Amma a ranar nan ba wanda ya taɓa su.

An rufe rundunar ranar 31 ga Disamba 2020. Mutanen sansani sun yi zanga-zanga suna cewa kada a tafi. Ba a yi wata guda ba aka kashe mutum fiye da ɗari a El-Geneina. Da babu gara ba daɗi, wannan shi ne nawa.

Sadiq Kurna:
Baba, Allah ya ƙara girma, na janye maganar shan shayi saboda ku. Amma ni tsorona ɗaya ne: duk lokacin da suka tashi da gaske, mu ke kwana a ciki. A 2011 an zartar da ƙuduri na 1973 wai don a kare mutanen Benghazi, har Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suka ɗaga hannu. NATO ta mayar da shi izinin kifar da Gaddafi. Rumbunan makamai suka buɗe, Mali ta kama da wuta a 2012, ga mu nan har yau daga Tillaberi zuwa Zamfara muna girbar abin. Idan sun yi shiru mu mutu, idan sun motsa mu mutu. To wanne za mu roƙa?

Barista Aminu:
Wannan tambaya ce mai nauyi, Sadiq, kuma abin da aka yi a Libiya na cikin dalilan da Rasha da Sin ke kafa hujja da su yau duk lokacin da aka ambaci kare fararen hula. Sai dai ka tuna ɗaya gefen. A Ruwanda, Afrilun 1994, ana tsakiyar yanka mutane Kwamitin ya rage dakarunsa zuwa 270. Tsakanin ruwan bama-bamai da naɗe hannu akwai fili mai faɗi: a toshe hanyar makamai, a bi sawun zinaren da ake fitarwa ana sayen jirage marasa matuƙa da shi, a rufe asusun masu hannu a ciki. Ba a buƙatar soja ko ɗaya don wannan. Ba a yi ba ne domin masu sayen zinaren abokan cinikin manya ne.

Issoufou Damagaram:
Sannunku da muhawara. Ina jin ana ta kiran New York, amma namu na gida fa? Tarayyar Afirka ta dakatar da Sudan tun juyin mulkin Oktoba 2021, daga nan sai taro. IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, ta shiga, Sudan ta jingine zamanta a ƙungiyar a farkon 2024. Sulhun ma a Jidda aka yi shi a Mayun 2023, Saudiyya da Amurka ne a gaba, kuma tawada ba ta bushe ba aka ci gaba da wuta.

Mu a Nijar mun ga yadda ƙungiyar yanki ke saurin tashi idan kujerar mulki aka taɓa. An yi juyin mulki 26 ga Yuli 2023, cikin kwana huɗu CEDEAO, wato ECOWAS, ta rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har ana maganar yaƙi. Tsakanin Maraɗi da Katsina, tsakanin Ƙonni da Illela, uwa ɗaya uba ɗaya aka raba. Magani ya yi wuya, shinkafa ta hau. Sai Fabrairun 2024 aka ɗage, sojoji na nan daram, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ƙungiyar. Shekara nawa ana kashe manoma a Diffa da Tillaberi, yaushe aka taɓa taron gaggawa na kwana huɗu a kansu?

Maman Walid:
Malam Issoufou, wannan ta taɓa ni. Ƙanwata a Maraɗi take aure.

Barista Aminu:
A yi adalci dai, ita ECOWAS ɗin ce ta shiga Laberiya a 1990 lokacin da duniya ta juya baya, kuma ita ta sa Yahya Jammeh ya sauka a Janairun 2017 ba tare da an zubar da jini ba. Matsalar Tarayyar Afirka kuɗi ce, rundunoninta da kuɗin waje suke tafiya. A Disamba 2023 an zartar da ƙuduri na 2719 wanda ya ba da damar Majalisa ta ɗauki har kashi 75 cikin 100 na kuɗin irin wannan runduna. Ga ƙofa nan, ba a shiga da Sudan ba.

Sadiq Kurna:
Shi ya sa a ba Afirka kujerar naƙi. Ƙasashe 54 babu ko ɗaya mai kujerar dindindin.

Issoufou Damagaram:
Tun 2005 ake neman kujeru biyu, tun matsayar da Tarayyar Afirka ta cimma a Ezulwini. Ina goyon baya don mutunci. Amma ka tambayi kanka, wanda zai hau kujerar zai yi amfani da ita don matan Zamzam, ko don ya kare shugaba ɗan'uwansa? Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama Bashir a 2009. Ya zo Abuja a 2013, ya je Afirka ta Kudu a 2015, ya koma gida lafiya. Ba Turawa ne suka shimfiɗa masa darduma ba.

Alhaji Na-Abeshe:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, ɗan kasuwa ne, ina ɗaukar kaya daga Abeshe zuwa Adre, garin Cadi da ke kan iyaka da Darfur. Na ga ana maganar wurinmu shi ya sa.

A watan Yunin 2023, bayan an kashe gwamnan Darfur ta Yamma Khamis Abakar, na ga mutanen El-Geneina suna shigowa a ƙafa. Tafiyar ba ta da nisa, amma abin da suka tarar a hanya ba ya faɗuwa. Mata da yara ne kusan duka. Ka tambayi mace ina maigida, sai ta kalli ƙasa. Waɗanda suka fara tarbarsu mutanen gari ne, da ruwa a jarka da ɗan abin da ke tukunya. Bayan nan motocin hukumar 'yan gudun hijira da na Hukumar Abinci suka iso, aka kafa tantuna, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka riƙa kwasar mutane zuwa Metche da Arkoum. Cadi talaka ce, ku kun sani. Mutum sama da 800,000 sun shigo mata. Wallahi ba don buhunan dawar nan ba, da gawa za a riƙa kwasa a Adre, ta baƙi da ta 'yan gari.

Saboda haka mai cewa a rushe, ya zo ya tsaya a layin rabon abinci ya faɗa. Amma mai cewa suna ƙoƙari, shi ma ya zo ya ga yadda mudun ke raguwa. Tun da Amurka ta yanke tallafi a farkon 2025 kowa ya ji a jikinsa.

Abin da ban gane ba, Barista, shi ne wannan. A 2024 motocin abinci sun yi watanni a tsaye a Adre, ga Darfur ana hango ta, mutane na mutuwa da yunwa, aka ce ba izini. Motocin 'yan kasuwa na wucewa, na masu makamai ba wanda ya tambaye su takarda. Izinin wa ake jira?

Barista Aminu:
Alhaji, izinin gwamnatin sojan Sudan, wadda a lokacin take zaune a Port Sudan. Majalisa tana ɗaukar ta a matsayin halattacciyar gwamnati, kuma ƙa'idarta ita ce ba ta tsallaka iyakar ƙasa sai da yardar mai ƙasa, ko da ba sojansa ko ɗaya a wannan iyakar. Sojoji sun rufe Adre a Fabrairun 2024 bisa zargin ana shigo da makamai ta nan, sai Agusta suka buɗe. Wata shida, kuma a ƙarshensu ne aka tabbatar da yunwar Zamzam.

Abin baƙin cikin shi ne an taɓa samun mafita. A 2014 Kwamitin ya ba da izinin shigar da agaji Siriya ta iyaka ba tare da jiran Damaskus ba. A Sudan ɗin ma, a 1989, an yi yarjejeniya da gwamnati da 'yan tawayen Kudu, jirage suka riƙa tashi daga Lokichogio ta Kenya da abinci. Hukumomin suna tsoron idan suka tsallaka ba izini za a kore su daga sauran ƙasar, kamar yadda aka kori wakilin Majalisa Volker Perthes a 2023, aka kuma rufe ofishin siyasarta. Tsoron yana da dalili. Amma wanda ya biya kuɗin wannan taka-tsantsan yana kabari.

Ummu Ammar:
Ina karantawa tun ɗazu ina hawaye. Dangin mahaifiyata a Mai Wurno suke, jihar Sennar, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi. Da RSF ta shiga Singa a tsakiyar 2024 sai da muka yi makonni ba labari. Da waya ta samu, na tambayi innata wa ke ciyar da su. Ta ce takiyya. Matasan unguwa ne ke haɗa kuɗi, 'yan'uwa na waje su turo ta waya, a ɗora babbar tukunyar wake ko adas, kowa ya kawo kwanonsa. Haka ake yi a Omdurman da Khartoum da wurare da yawa. Ɓangarorin biyu duk sun kama irin waɗannan yara, an kashe wasu.

Roƙona ga masu ilimi a zauren nan, idan kuna da inda muryarku ke kaiwa: kuɗin da ake tarawa a manyan taruka, a riƙa miƙa wani kaso kai tsaye ga masu tukunyar nan. Su ba sa jiran izinin kowa, suna ciki.

Abu Safiyya:
Na gode muku duka. Baba Sajan da Hajiya sun sa na sassauta, ba zan ƙara cewa ba su da amfani ba. Amma a kan El-Fasher ban sauka ba. A Oktoban 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta samu Ali Kushayb, ɗaya daga cikin jagororin mayaƙan Janjawid, da laifin abin da suka yi a Darfur a 2003 da 2004, kuma a cikin watan nan ne waɗanda suka gaji Janjawid suka shiga El-Fasher. Shekara ashirin ana shari'ar kisan farko, na biyu ya zo ya same ta a hanya.

Alhaji, akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Abokin ɗakina a makaranta ɗan El-Fasher ne. Shi ya raka ni tashar bas, ya ɗaukar mini jaka. Saƙonsa na ƙarshe ya shigo mini a watan Satumba. Idan ya fita, ta wajenku zai biyo?

Alhaji Na-Abeshe:
Allah sarki. Mutanen El-Fasher yawanci Tawila suke fara nufa, waɗanda suka ƙaraso Cadi kuma ta Tine suke shigowa, ba ta Adre ba, daga nan a kai su sansanonin wajen Iriba. 'Yan Red Cross suna rubuta sunayen masu neman dangi, suna kuma ba mutane waya su kira kyauta. Akwai direban da nake ba kaya yana hawa can ranar Laraba. Turo mini cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu ta akwatin sirri, da hoto idan kana da shi.

Abu Safiyya:
Ina da hoto. Yanzu zan turo, Alhaji.